Shekarar da na ba mota garin kuka

Ku ɗiyana biyu, na san tun kafin ku iya karanta wannan za a riga ni ba ku labarin, domin a gidan nan ba a kaɗa miyar kuka ba tare da wani ya ce a rage wa mota ba. Baffanku Sa'idu yana ba da shi ta hanya ɗaya, kakarku Inna ta wata hanya, matan bakin rijiya kuma sun ƙara masa gishiri da daddawa waɗanda ni ban saka ba. Shi ya sa na sayi wannan littafi na ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, nake rubutawa kaɗan-kaɗan idan na sauke tukunyar rana. Karatuna bai yi nisa ba. Aji uku na yi, sauran a karatun manya na tsinta. In kun ga harafi ya karkace ku gyara shi, amma kada ku gyara maganar. Kuma kada ku zaci zan gaya muku wanda yake da gaskiya. Shekara huɗu ke nan ina juya abin a raina, ban gano ba.

Sai na fara da wanda ba ku sani ba. Tsakanin ke ta fari, da ba na kama sunanki, da kai Bashiru, akwai ɗa namiji da bai zo da rai ba. Kwana biyu na yi a durƙushe a ɗakin Inna, sannan aka ɗora ni a amalanken jaki aka kai ni ƙaramin gidan likita da ya fi kusa da mu. Kafin mu isa, abin da zai faru ya faru. Madam ɗin da ta karɓe ni ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta dai kira babanku gefen gado, ta yi maganar yadda ni ma zan ji.

"Ƙugunta ƙarami na. In Allah ya sake kawo wani, kada ku jira komi. Ciwo na hwarawa ku kai ta Konni, babban gidan likita, inda ake aiki. Ba bisa jaki ba, ba bisa babur ba."

 Bayan girbi babanku ya sayar da shanun huɗarsa biyu, ya tafi Konni, ya dawo yana tuƙa motar nan. Ƙirar Jamus ce, doguwa, mai ƙofa huɗu, launin toka, kuma ta girme ni da shekaru. Ta bi hannun mutane da dama kafin ta zo mana. Na ƙarshensu mai fataucin albasa ne, kuma har yau in rana ta buga ta sai ka ji warin albasa na tashi daga kujerun. Ƙofar baya ta hagu sai daga waje take buɗewa. Gilashin gaba na dama da tafin hannu biyu ake ɗaga shi. Amma in ya murɗa makulli, sai ta yi gyaran murya sau ɗaya kamar tsoho zai yi magana a taron suna, ta kama, ta zauna daram. Sai da aka rushe wani gefe na katangar gida kafin ta shiga tsakar gida, ƙarƙashin dogon yaro. Babanku ya shafa mata goshi ya ce da ni:

"Wagga ba ta mutuwa, Balki. Sai dai a kashe ta."

Ku riƙe wannan maganar, don ita ce ba ta sake ni ba har yau.

Shekara guda da rabi yana ɗaukar ƴan kasuwa da ita, Konni, Alela, Malbaza, wani lokaci har Illela. Kullum yana kwana a gida. Daga baya mai ya yi tsada, mutane suka koma hawa kabu-kabu, sai ya wuni a tasha bai cika kujerar baya ba. Ina da cikinka wata uku, Bashiru, ya yanke shawarar bin mutanen garinmu arewa, wajen haƙar zinariya. Kowa ya ce ya sayar da motar ya yi guzuri. Ya ƙi. Ya ce ya san abin da ya sa ya saye ta.

Safiyar da zai tafi ya kira ni gabanta, ya ɗaga murfin gaba, ya tokare shi da guntun icce. Ni da ban taɓa leƙa cikin ba, sai na ga kamar an farke cikin raƙumi. Ya nuna mini tukunyar ruwanta, wadda suke ce wa radiyata, ya ce kowace safiya in buɗe bakin in duba tun tana sanyi, in ya ragu in ƙara, amma ko da wasa kada in buɗe in ta yi zafi. Ya zaro wata doguwar sanda siririya, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa, ya nuna mini layi biyu, ya ce baƙin mai ya tsaya tsakaninsu. Ya zaunar da ni kujerar direba, ya sa na girgiza sandar giya har na san yadda take in ba ta cikin komai. Ya ce in tayar da ita, in bar ta tana aiki gwargwadon wanke kwanonin safe, ina duban wata ƴar allura da ke bayan sitiyari, kada ta wuce tsakiya. Daga nan ya zura makullin a igiya ya rataya mini a wuya.

"Kada ki ba kowa. Ko Sa'idu. Barin ma Sa'idu. Ranar da ciwo yat tashi, rannan kaɗai za ki hidda shi daga wuyanki."

Baffanku Sa'idu ƙanen babanku ne, amma ya girme ni, yana da matarsa da ɗiya uku, kabu-kabu yake yi tsakanin garinmu da kwalta. Ya iya tuƙi, sai dai ƙafarsa tana da nauyi, kuma ya taɓa mayar da wata motar mutane ta ɗaukar jarkokin fetur har ta zauna. Shi ne zai kai ni in ranar ta zo, kuma shi ne aka hana makulli. Wannan ne ruɗani na farko.

Na riƙe aikin kamar salla. Da na ga ba zan iya tuna inda allurar take tsayawa ba, sai na lailaya ɗan ƙaro na manna a gilashinta, daidai kan bakinta, tun ranar farko. Na kuma ƙirƙiro wani abu da babanku bai ce ba. Kowace yamma sai in janye duwatsun da ke tokare da tayoyi, in durƙusa in share ƙarƙashinta da tsintsiya, in baje yashi sumul, in mayar da duwatsun. Da safe in leƙa in karanta abin da ta rubuta. Ɗigo baƙi guda ɗaya, wajen tsakiya, kullum yana nan. Na tura wa babanku saƙon murya a waya, ya amsa bayan kwana biyu, don can sai an hau dutse ake samun layi.

"Tsohuwa ba ta rasa yoyo. Wanga ba komi ba na."

To. Amma ina wata shida sai ga wani sabon rubutu, can gaba, ƙarƙashin hancinta. Ba baƙi ba ne. Danshi ne, faɗin tafin hannunki, ke ta fari, lokacin kina shekara huɗu. Na dangwala na shinshina, ba warin mai. Ruwa ne. Na buɗe bakin tukunyar na ga ya sauka. Na ƙara rabin buta. Bayan mako guda buta ɗaya take sha. Bayan wani makon, biyu. Kuma na lura da wani abu a cikin wuyan tukunyar: farin ɓawo mai tauri, irin wanda yake kama gindin butar shayin babanku saboda ruwan rijiyarmu. Na kankara da farce, ya ɓare kamar ɓawon ƙwai. Na tsaya ina tunani, in wuya ya yi haka, to ciki fa?

Daga nan ne maganganu suka yi mini yawa. Babanku ya ce in ci gaba da ƙara ruwa, shi ma haka yake yi. Sa'idu ya zo ya tsuguna ya leƙa, ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Matarmu, direban da ba ta taɓa hita ƙohwar gida ba. Ke mota ba akuya ba ta da za a ɗaure ana ba ta ruwa. Zama ka kashe ta. Ba ni makullin in kai ta Konni wurin makanike, in maido miki ita kahin la'asar."

"Yayanka ya ce a'a."

"Yayana na bisa dutse yana neman layi. Ni ka ganin yashin ga, ba shi ba."

"In ka kai ta Konni, jarka nawa za ta ɗauko ta dawo?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wallahi an ɓata masa suna a gidan ubansa. Amma bai rantse cewa ba zai ɗauko ba. Wannan na lura da shi. Ya dai kira makaniken babanku a waya ya miƙo mini. Mutumin yana magana ana buga ƙarfe a bayansa. Ya ce ruwan rijiya guba ne ga irin waɗannan motoci, in nemi ruwan sama, ko wani koren ruwa da ake sayarwa a kanti, kuma a kawo ta ya gani, shi ba ya duba mara lafiya ta waya. Ruwan sama, a tsakiyar bazara. Inna kuwa tana gefe tana tsince wake, ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Ɗiya tara na haihwa bayan ɗakin can, ba mota ba jirgi. Ku bar wahal da yarinya da ƙarhe."

 Amma ni da ita duk mun san ɗakin da na durƙusa kwana biyu.

Haka na yi mako biyu, kaina kamar an kaɗa fura. In na ba da makulli na saɓa wa mijina, kuma wataƙila ranar da nake nemanta tana bakin iyaka cike da jarkoki, ko jandarma masu tsaron hanya sun riƙe ta. In ban ba da ba, ruwa yana zuba, kuma daga garinmu zuwa kwalta tafiya ce, daga kwalta zuwa Konni wata tafiyar. Na riƙa lissafi da buta: in tana tsaye tana shan biyu, in tana gudu nawa za ta sha? Ba wanda zan tambaya da ba shi da nasa ra'ayin a kan makullin.

Sai na tuna da Baba Ango, maƙwabcinmu na bayan gida. Ya yi shekaru yana tuƙa kamyo, babbar motar kaya, idonsa ne ya raunana ya dawo gida. Shi dai ba ya neman komai a wurina. Na kai masa fura, na tsuguna na faɗa masa. Ya saurara har ƙarshe, yana murza carbi.

"Ɗiyata, wanga ai ƙaramin abu na. Mu da munka yi hanyar daji, inda babu gareji sai Allah, garin kuka muka zubawa. In ruwa ya yi zahi shi yi yauƙi, shi bi ramin shi toshe. Sau nawa ya kai ni gida."

Na tambaye shi kamar yaya ake sakawa. Ya ce kaɗan, a ji a hannu. Ya nuna da yatsunsa a iska, amma ni ina kallon ƙasa don kunya, ban ga ko yatsu nawa ya haɗa ba. Ban kuma sake tambaya ba, don kada ya ce ɗiyar mutane ba ta san awon kuka ba.

To ga inda laifina yake, ku ji shi daga bakina. Ni na san kuka. Na san in ka watsa shi haka nan cikin ruwa sai ya yi gudaji, na kuma san ɗan kaɗan ba ya kama ruwa mai yawa. Na taɓa ganin babanku ya juye ruwan motar duka ya sake cikawa, ya ci bokiti guda har da ɗori. Sai na ce a raina, tukunyar da ta ci bokiti, ai ta gidan suna ce. Na auna kamar yadda zan auna wa miyar mutum ashirin, sannan na rage saboda tsoro. Ludayi uku. Na tankaɗe shi sau biyu, na dama da ruwan ɗumi, na kaɗa da maburgi har ya yi santsi ba gudaji ko ɗaya. Da hantsi, Inna ta tafi barka, na ɗura shi da mazurari. Ban sa kanwa ba. Ban sa daddawa ba. Duk wanda ya ce muku na sa, ƙarya yake yi.

Washegari na leƙa, yashi a bushe. Jibi ma haka. Ɗigon baƙi yana nan, amma danshi ya tafi kamar ba a taɓa yi ba. Na buɗe tukunya, ruwa yana nan har wuya, sai dai ya yi kore yana ja kamar zare. Na tuna makanike ya ce koren ruwa ake so, har na ji daɗi. Ban faɗa wa kowa ba. Sa'idu ya zo ya leƙa ya ce ikon Allah, tsohuwa ta warke da kanta. Na ce ai na gaya maka.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa. Allurar ta fara wuce ƙaron. Ba da yawa ba, kamar faɗin ƙwayar gero, sannan ƙwayar dawa. Na tura wa babanku, ya ce zafin bazara ne, shi ma can allurarsa ta hau. Na faɗa wa Sa'idu, sai ya daina wasa, ya ce:

"To bari in zagaya da ita ko zuwa kwalta in dawo, kina zaune ciki, makullin na hannunki in mun tsaya. Abin da za shi ɓaci, gara shi ɓaci yau."

Wannan maganar gaskiya ce, kuma na ji ta a jikina cewa gaskiya ce. Amma na ji tsoron in ta yi zafi a hanya ya buɗe ya ga abin da na zuba. Na kuma ji tsoron in ta lalace yau, ranar ba ni da komai, alhali in tana tsaye a gindin dogon yaro ko ba komai ina da ita. Na ce masa yayansa ya hana. Na fake da babanku. Abin da na yi kawai shi ne na cika jarka uku da ruwa na sa a akwatin baya, tare da tsohuwar robar cikin taya da na yanka siri-siri, irin wadda muke ɗaure itace da ita, don na ga babanku ba ya tafiya ba ita. Ban san me zan yi da su ba. Hankalina ne dai ya ɗan kwanta da suna ciki.

Ciwo ya tashi ranar wata kasuwa, da safe, ina tsakar shara. Saura kwanaki a lissafina. Matar Sa'idu ta kira shi, ya bar fasinja a hanya ya dawo. Na cire igiyar daga wuyana, inda ta yi mini zane, na miƙa masa. Bai yi wasa ko ɗaya ba. Ya murɗa, ta yi gyaran muryarta sau ɗaya ta kama. Har Inna sai da ta ce alhamdu lillahi. Muka bar ke ta fari wurin matar Sa'idu kina kuka. Ni da Inna a baya, na jingina da ita, amma na zauna ta inda zan riƙa hango allurar ta gefen kafaɗarsa.

Ba mu yi nisa ba ta wuce ƙaron. Muka shiga yashin fadama inda sai an taka ta da ƙarfi, ta ƙara hawa. Ciwo ya zo na runtse ido, da ya sake ni na buɗe, tana dab da ja.

"Sa'idu, tsaya. Ta wuce."

"Ba ni tsayawa cikin yashi, in na tsaya ba mu hita. Ke ji da naki."

Can sai Inna ta ɗaga hanci tana shinshina, ta leƙa ta taga hagu da dama, ba gida ba bukka, sai sabara.

"Wai wa ka miya cikin dajin ga?"

Ba ta rufe baki ba muka ji wani abu ya fashe a gaba, farin tururi ya rufe gilashi. Sa'idu ya samu ya hau da ita kan tsandauri ya kashe. Ya fita ya ɗaga murfi da gefen rigarsa, ya ja da baya. Na hango shi ta ƙarƙashin murfin, ya dangwali wani abu kore da ke bin injin, ya ja shi tsakanin yatsu biyu yana miƙewa, ya kai hanci. Ya zagayo ya buɗe ƙofata daga waje. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Balki. Mi kinka ba ta?"

"Kuka."

"Kamar yaya?"

"Ludayi ukku."

Inna ta saki salati. Na jira ta ture ni daga jikinta, amma sai ta ƙara riƙe ni, ta ce da ɗanta ya bar tsayuwa yana kallon mutane kamar an aiko shi. Ni kuwa a lokacin ba kunya nake ji ba. Amalanken jaki nake gani. Na ce masa akwai ruwa da roba a baya. Ya buɗe ya gani, ya dube ni ta gilashi, ya girgiza kai. Babban tiyon sama ne ya tsage. Ya naɗe hannunsa da ɗankwalin Inna ya kama shi, ya ɗaure tsagar da robar, zagaye bisa zagaye, yana ja da haƙori. Ya ce dole a jira ta huce kafin a zuba ruwa, in ba haka ba ƙarfe zai tsage. Muka jira kaɗan. Sai wani ciwo ya zo wanda ya fi na baya, na ji danshi a zanena, Inna ta duba ta ga jini. Na yi ihu na ce ya zuba. Ni na ce. Ya zuba. Muka ji injin ya yi ƙara kamar an tsoma garwashi a ruwa.

Ta tashi. Ba sau ɗaya ba wannan karon, sai a na uku, kuma muryarta ta canja, tana tari. Sa'idu ya ce shi zai duba hanya, ni in duba allura, tunda na fi shi saninta. Haka muka yi tafiyar. In ta wuce ƙaron da faɗin yatsa in ce tsaya, ya tsaya, ya ɗan jira, ya ƙara ruwa, mu ci gaba. In ciwo ya rufe mini ido sai Inna ta karɓa, ita da ba ta taɓa kallon allura ba sai ta ɗinki, tana cewa ta taɓa ƙaro, ta wuce ƙaro, kai Sa'idu ba ka ji ba ne. Sau biyar muka tsaya kafin kwalta, sau uku bayanta. Jarka ta uku ta ƙare muna hango gidajen Konni. Farin hayaƙi na bin mu a baya, ƴan kabu-kabu suna nuna mu da hannu. A ƙofar gidan likita ta mutu da kanta, ba a kashe ta ba. Daga nan ɗaukata aka yi.

Aiki aka yi mini, Bashiru. An ce da mun ƙara jinkiri kaɗan da labari ya zama irin na wancan. Da na farfaɗo Inna ce ta nuna mini kai, ta ce ga mai miyar nan ya iso.

Motar kuwa da igiya aka jawo ta gida bayan suna. Makanike ya buɗe ta kafin nan, ya ce kan injin ya tsage, kuma irin nata sai an yi sa'a ake samu, in an samu ma ya fi ƙarfinmu. Na sa Sa'idu ya tambaye shi abin da ya kashe ta. Ya ce kuka ya toshe hanyoyin ruwa. Ya kuma ce hanyoyin dama saura ƙiris, farin ɓawon ruwan rijiya ya cinye su shekara da shekaru, tun kafin ta zo hannuna. Ya kuma ce ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi shi ne ya gama aikin. Baba Ango ya ce shi tsunkule biyu ya nuna, amma kuma ba don kukan ba, da ruwan ya tsiyaye tun ba mu kai fadama ba. Sa'idu ya ce da na ba shi makulli tun farko da an gyara da abu kaɗan. Matarsa ta ce mini a asirce, da na ba shi, ranar nan tana bakin iyaka. Kowanne in na saurare shi sai in ga shi ne mai gaskiya, har sai na ji na gaba.

Babanku ya dawo kana wata huɗu. Ya shigo da jakarsa, ya wuce ta a gindin dogon yaro, tayoyi sun fara sacewa, bai tsaya ba. Ya karɓe ka ya daɗe yana kallo. Sai da ya ci abinci ya fita ya ɗaga murfin. Na bi shi na tsaya a baya, na faɗa masa duka, har fakewar da na yi da sunansa. Ya zagaya ya zura hannu cikin motar ya ɓare ƙaron da ke gilashin allurar, ya juya shi a yatsa, ya mayar inda yake.

"Tahiya guda na aje ta ta yi," ya ce. "Ta yi ta."

Bai sake tayar da maganar ba, ko cikin faɗa. Amma ku sani, niyyarsa da ya tafi arewa ita ce ya yi shekara ɗaya ya dawo ya ci gaba da jigilar kasuwa, yana kwana a gida. Babu mota, babu shanun huɗa. Shi ya sa har yau kuke ganinsa wata biyu a shekara, shi ya sa kai Bashiru ka ɓuya bayan zanena da ya zo bara, kana tambaya wane baƙo ne. Wannan ba ya cikin labarin da ake ba da wa ana dariya a kan tuwo. A nan ne ludayi ukun nan suke ci mini rai, in dai su ne. In kuma ba su ba ne, to makullin da na hana. In kuma ba shi ba ne, ban sani ba.

Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sau biyu, babanku ya ce a bar ta. Kaji suna ƙwai a kujerar baya, kai kuma ka mayar da sitiyarin naka, kullum kana kai mu Konni da baki. Jiya da yamma ina shara na tsinci kaina a durƙushe, ina baje yashin ƙarƙashinta sumul. Ke ta fari kika tsaya a kaina kika ce, me kike nema a nan, ai ba ta da abin da za ta zubar. Na ce na sani. Da safe kuma sai da na leƙa.